Fasa-ƙwaurin da ake yi da takarda

Idan aka ambaci fasa-ƙwauri a Kano, hoton da ke zuwa wa yawancinmu a rai shi ne na matashi a kan babur, ya ɗaure buhun shinkafa uku ko huɗu, yana ratsa burtali da tsakar dare tsakanin Ɗan Isa da Jibiya don ya kauce wa shingen kwastan. Wannan hoto gaskiya ne, kuma an yi asarar rayuka a kansa. Sai dai duk wanda ya taɓa zama da masu fito da 'yan sari a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san cewa babbar asarar haraji ba a kan babur take tafiya ba. Ta babbar hanya take wucewa da rana tsaka, a cikin kwantena mai hatimi, da takardu masu tambari waɗanda kowane jami'i ya duba ya sa hannu. Abin da ke rubuce a takardar ne ba ya daidai da abin da ke cikin kwantenar, ko kuma inda aka ce kayan za su je ba can suka je ba.

Ba za a gane wannan sata ba sai an fara gane yadda harajin kansa yake aiki. Harajin sayen kaya da ake kira VAT ya fara aiki a Najeriya ranar 1 ga Janairu 1994 a kan kashi 5 cikin 100, ya maye gurbin tsohon harajin sayarwa na 1986 wanda jihohi ke karɓa, kuma tun daga Fabrairu 2020 ya koma kashi 7.5. Tsarinsa kamar sarƙa yake. A ƙaddara wata masana'antar sabulu a Sharaɗa ta sayar wa babban ɗan sari kayan naira 100,000. Za ta ɗora masa 7,500 ta miƙa wa hukuma. Shi kuma idan ya sayar wa mai shago a kan 120,000 zai ɗora 9,000, ya cire 7,500 da ya riga ya biya, ya miƙa 1,500 kawai. Mai shago idan ya sayar a kan 140,000 zai ɗora 10,500, ya cire 9,000, shi ma ya miƙa 1,500. Jimillar abin da ya shiga baitulmali 10,500 ke nan, kuma duk daga aljihun mai saye na ƙarshe ya fito, wato matar da ta aiki yaro ya sayo mata sabulu. 'Yan kasuwar da ke tsakani masu karɓa ne kawai a madadin gwamnati. Kuɗin ba jarinsu ba ne, ba ribarsu ba ce, ajiya ce aka ba su.

Hikimar wannan tsari ita ce kowane ɗan kasuwa yana zama mai gadin wanda ya sayar masa, domin idan bai karɓi rasit mai ɗauke da lambar haraji ba, ba shi da hujjar cire abin da ya biya. Amma mu a nan mun san cewa galibin cinikin kasuwanninmu da baki ake ƙulla shi, da amana da ɗan littafin bashi, kuma dokar kuɗi ta 2019 ma ta yafe wa duk wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba ɗawainiyar karɓar wannan haraji. Ma'anar haka ita ce, ga kayan da aka shigo da su daga waje, tashar jirgin ruwa ko kan iyaka ita ce sau da yawa wuri na farko kuma na ƙarshe da hukuma za ta sa musu hannu. Abin da ya kuɓuce a can ya tafi ke nan.

Ƙa'idar da kusan duk ƙasashe ke bi a kan iyaka ita ce, harajin sayen kaya haƙƙin ƙasar da za a yi amfani da kayan ne. Saboda haka idan kaya za su fita, ana cire musu harajin baki ɗaya, har ma a mayar wa mai fitarwa abin da ya biya a baya. Idan kuma za su shigo, sai kwastan su karɓi kuɗin fito, sannan su ɗora harajin VAT a kan darajar kayan haɗe da kuɗin fiton. Ƙofa biyu ke nan: a ɗaya gwamnati tana karɓa bisa abin da aka faɗa mata, a ɗaya kuma tana biya bisa abin da aka faɗa mata. A duka biyun, wanda ya san gaskiyar magana yana wata ƙasa, inda jami'in da ke riƙe da takardar ba shi da ikon leƙa littafinsa.

A ƙofar shigowa, dabarar da ta fi yawa ita ce rage farashi a takarda. Mai saye ya je birnin Gwanzu na ƙasar Sin ko Dubai ya yi odar kaya, sai a rubuta masa takardar farashi biyu, ɗaya ta gaskiya wadda zai biya kuɗi da ita, ɗaya kuma wadda zai nuna a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tinkan a Legas. A ƙaddara kwantenar kayan dala 50,000 ce, kuma kuɗin fitonta kashi 20 ne. Idan aka bar ƙananan kuɗaɗen da ake ƙarawa a gefe, abin da ya kamata a biya shi ne dala 10,000 na fito da dala 4,500 na VAT. Idan aka rubuta cewa kayan na dala 20,000 ne, fito ya koma 4,000, VAT ya koma 1,800. Da canza lamba ɗaya an ci dala 8,700 a kwantena guda, ba tare da kowa ya shiga daji ko ya yi gudu da mota ba. Ƙanwar wannan dabara ita ce canza wa kaya suna. Jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, ya raba kaya gida biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Kayan da masana'antu ke sarrafawa da injuna suna ƙasa, kayan da aka gama haɗawa suna sama. Don haka sai a rubuta gamammen kaya a matsayin ɗanyen kaya ko kayan gyara, ko a jera abu mai arhar fito a bakin kwantena, mai tsadar yana can ƙurya.

Ita wannan wuƙa kaifi biyu gare ta. A shekarun da farashin dala a banki ya yi nisa da farashinta a kasuwar canji ta Wapa, wasu ƙara farashi suke yi a takarda maimakon ragewa, domin su sami dalar gwamnati mai rahusa fiye da abin da kayan suka ci, rarar ta zauna musu a waje. Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya bayyana a rahotonsa na 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala biliyan 50 duk shekara ta hanyar fitar da kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kuma kaso mafi girma daga harkar kasuwanci yake, ba daga satar 'yan siyasa kai tsaye ba. A 2020 hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta ƙiyasta adadin a kan dala biliyan 88.6.

Sai kuma abin da ya fi shafar mu 'yan Arewa, wato kayan wucewa. Nijar ba ta da teku, saboda haka yarjejeniyar ƙasashe ta ba ta damar sauke kayanta a Kwatano ko Lome, a wuce da su ba tare da an biya cikakken fito a can ba. Shekara da shekaru wannan dama ta zama hanyar shigo da kayan da Najeriya ta hana ko ta tsauwala wa haraji: a rubuta cewa atamfa ko shinkafa ko mota ta Nijar ce, a kai ta Maraɗi, a sauke a sito, Nijar ta karɓi ɗan harajinta na sake fitarwa, sannan a rarraba kayan a ƙananan motoci su nufo Kudu ta Jibiya ko Kwangwalam ko Maigatari. Jamhuriyar Benin, wadda yawan jama'arta bai kai na Kano da Jigawa a haɗe ba, ta taɓa zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma ba wanda ke shakkar tukunyar da shinkafar ke shiga. A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Shinkafa tana cikin abincin yau da kullum da doka ba ta ɗora wa nauyin VAT ba, don haka abin da ake gudu a kanta kuɗin fito ne, wanda a 2013 ya kai kashi 110 cikin 100. Amma a kan yadi da takalma da wayoyi da kayan wuta, duka biyun ake gudu lokaci guda.

Akwai kuma shirin ECOWAS na sassaucin ciniki, wanda ya yarda kayan da aka yi a ƙasashen ƙungiyar su shiga junansu ba fito. Niyyar mai kyau ce, amma ta buɗe ƙofar sauya wa kaya riga: a kawo kayan Asiya, a sake musu kwali a wata maƙwabciyar ƙasa, a samo takardar shaidar cewa a can aka yi su. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairu 2025 ba ta hana motoci kaiwa da komowa ba, sai dai ta ƙara raunana musayar bayani tsakanin hukumomin da ya kamata su riƙa tambayar juna.

Ƙofar fita ta fi wadda ta gabata haɗari, domin a nan hannu ake zurawa cikin baitulmali a ɗebo. Ɗan kasuwa ya sayi kaya a masana'anta ya biya VAT, ya samo takardar da ke nuna ya fitar da su zuwa Nijar ko Chadi, ya nemi a mayar masa da harajinsa, alhali kayan ba su wuce Dawanau ba, ko sun tsallaka da rana sun dawo da dare. Ƙasar Kenya ta ɗanɗana irin wannan a farkon shekarun 1990, lokacin da aka riƙa biyan kamfanin Goldenberg tukuicin fitar da zinari da lu'ulu'u zuwa waje, alhali ƙasar ba ta da lu'ulu'un da za ta fitar, zinarinta ma kaɗan ne.

Inda abin ya kai maƙura shi ne Turai, kuma yana da kyau mu tsaya a kansa, domin hanyar da suka bi ita muke shirin bi. A 1993 ƙasashen Tarayyar Turai suka cire shingen kwastan a tsakaninsu, amma kowace ta ci gaba da karɓar harajinta na VAT ita kaɗai. Suka yarda cewa idan kamfani a wata ƙasa ya sayar wa kamfani a wata, ba za a ɗora haraji a lokacin ba, sai mai sayen ya lissafa shi a gida. Sai 'yan damfara suka ga kafa. Kamfani na farko a Faransa zai sayar wa na biyu a Jamus wayoyin hannu na yuro miliyan 1 ba haraji. Na biyun zai sayar wa na uku a cikin Jamus, ya ɗora kashi 19 na ƙasar, wato yuro 190,000, ya karɓe, sannan ya rufe ofis ya ɓace kafin lokacin miƙa haraji ya yi. Na ukun kuma zai sake fitar da wayoyin zuwa ga na farko a Faransa, ya je da rasit ɗinsa ya ce wa gwamnatin Jamus ta mayar masa da yuro 190,000 da ya biya. Gwamnati ta biya kuɗin da ba su taɓa shiga asusunta ba. Wayoyin nan dai su ne za a sake zagayawa da su ta hannun sabon kamfanin da shi ma zai ɓace, shi ya sa aka laƙaba wa damfarar sunan lilon yara mai kewayawa. Kamfanonin uku na mutum ɗaya ne ko gungu ɗaya, kuma wanda sunansa ke kan takardar kamfanin da ya ɓace galibi talaka ne da aka ba ɗan abin hasafi ya sa hannu.

'Yan damfarar sun fi son kaya marasa nauyi masu tsada, kamar waya da ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga baya ma suka koma kan abin da ba ya buƙatar mota ko sito. Tsakanin 2008 da 2009 sun yi wannan zagaye da takardun izinin fitar da hayaƙin masana'antu, waɗanda ake saye da sayarwa ta intanet cikin mintuna, kuma hukumar 'yan sandan Turai ta ƙiyasta asarar a kan yuro biliyan 5. A 2022 ofishin mai gabatar da ƙara na Tarayyar ya bankaɗo wani gungu guda da aka ƙiyasta ɓarnarsa a kan yuro biliyan 2.2. Waɗannan ƙasashe ne masu rajistar kowane kamfani da kowane asusun banki. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a Yuli 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a Janairu 2021. Duk ranar da shingen fito ya sauka da gaske tsakaninmu da maƙwabta alhali littattafan harajinmu ba sa ganin juna, lilon nan zai iso.

Duk abin da aka ambata zuwa nan laifi ne ƙarara. Kafar doka kuwa daban take, domin mai bin ta bai karya doka ba, ya dai karanta ta ne fiye da waɗanda suka rubuta ta. Birtaniya ta daɗe tana yafe VAT ga ƙananan kayan da aka aiko daga wajenta, sai manyan shaguna suka riƙa kai faya-fayai tsibiran Jasi da Gansi, suna aiko su ɗaya-ɗaya ta gidan waya ga masu saye a Ingila ba haraji, har aka toshe hanyar a 2012. Tarayyar Turai ta soke irin wannan rangwame na kayan da ba su kai yuro 22 ba a Yuli 2021. A nan gida, mutum zai iya raba kasuwancinsa ɗaya zuwa kamfanoni huɗu da sunan 'ya'yansa don kowanne ya zauna ƙasa da iyakar da ake fara karɓar haraji. Babban kamfani kuma zai iya sayen kaya daga reshensa na waje da tsada don ribar ta bayyana a ƙasar da harajinta ba shi da yawa, abin da ya sa Najeriya ta yi dokar farashi tsakanin rassan kamfani a 2012, ta sabunta ta a 2018. A ganina, wanda ya fi cancanta da zargi a nan shi ne mai yin doka da ya ga kafar ya bar ta a buɗe, musamman idan rangwamen fito ne da ake bai wa wasu a hana wasu.

Wane ne ke ɗaukar asarar? Amsar da aka saba bayarwa ita ce gwamnati, kuma wannan amsa ce ke sa mutane da yawa ba sa jin abin a jikinsu. Na taɓa tsayawa a wani layi a Kwari ina kallon mai sari daga Gaidam yana taya dilar atamfa iri ɗaya, zane ɗaya, a shaguna biyu da ke kallon juna. Ya taya a na farko aka yi masa albarka, ya tsallaka na biyu aka sallama masa a ƙasa da abin da na farkon ya ce shi ne kuɗin sarinsa. Dattijon shagon farko bai yi gardama ba. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini takardun fitonsa a cikin leda, ya ce, "Ɗana, wannan takarda ita ce bambancin farashin." Wanda ya biya haƙƙi shi ne kayansa ke kwana, kuma idan haka ta daɗe, zaɓi biyu ke gabansa: ya bi sahu ko ya rufe shago. Masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai da suka durƙushe, rashin wuta da tsadar man injin sun taka rawa a faɗuwarsu, amma ba masaƙar da za ta iya gogayya da yadin da ya shigo bai biya fito ba bai biya VAT ba, alhali ita ana karɓar nata tun daga bakin ƙofa.

Akwai wata asarar da ta shafi Kano ita kanta. Kuɗin VAT ana tara su ne wuri guda a raba. A da tarayya tana ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sababbin dokokin haraji da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Yuni 2025 sun rage kason tarayya zuwa 10, suka ɗaga na jihohi zuwa 55, kuma kashi 30 na abin da jihohi za su raba zai dogara ne da inda aka yi amfani da kayan. Mun ga yadda gwamnonin Arewa suka tashi tsaye a kan wannan batu a ƙarshen 2024, muka kuma ji gorin da aka riƙa yi cewa Arewa ba ta kawo komai. Garin da 'yan kasuwa ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru ba zai rasa ciniki ba. Cinikin ne ba ya cikin littafi, kuma abin da ba ya cikin littafi ba a lissafa shi ranar rabo.

Adalci ne a faɗi uzurin 'yan kasuwa, domin ba duka ne son zuciya ba. Mutum zai yi lissafin kayansa da wani farashin dala, kafin jirgi ya iso an canza farashin da kwastan ke auna fito da shi. Zai biya komai a Legas, amma tsakanin can da Kano a tsayar da motarsa a shinge bayan shinge, kowanne da na goronsa, har takardar gaskiya ta zama ba ta da wata daraja fiye da ta bogi. Idan mai gaskiya da maƙaryaci duk sai sun ba da cin hanci a hanya, an cire ladar faɗin gaskiya. Kuma takardar ƙarya ba ta wucewa sai wani mai kaki ya kau da kai.

An gwada rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, lokacin da aka sake buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Farashin abinci ya tashi, masu kai tumatir da albasa da dabbobi ta halal suka sha wahala, kwantenar da ke ɗauke da takardar farashin ƙarya kuwa ta ci gaba da sauka a tashar ruwa, domin ita ba ta kan tudu take zuwa ba. Abin da ya yi aiki a wasu wurare bai kai wannan hayaniya ba. Birtaniya a 2007 ta mayar da nauyin lissafin VAT na wayoyi da ƙwaƙwalwar kwamfuta kan kamfanin da ya saya, ba wanda ya sayar ba, sai ya zama babu kuɗin da mai ɓacewa zai gudu da su. Ƙasashe da dama sun wajabta rasit na lantarki wanda hukuma ke gani a lokacin da aka rubuta shi, kuma hukumar tara haraji ta tarayya ta fara hakan da manyan kamfanoni a 2025. ECOWAS tana da tsarin SIGMAT na bin sawun kayan wucewa, inda kwastan ɗin ƙasar da aka ɗauko kaya ke aika bayaninsu ga na ƙasar da za a sauke tun motar ba ta tashi ba.

Kano tana da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairu 2023, kuma ana shimfiɗa layin dogo daga nan zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Idan jirgin ya fara aiki, kwantena za ta iya tashi daga Legas a rufe, a buɗe ta a gaban mai ita a Kumbotso, ko ta zarce Nijar a matsayin kayan wucewa. Lambar hatimin da aka rubuta a Apapa da nauyin da aka auna a can su ne ya kamata jami'in Zawaciki da na Maraɗi su gani a kwamfutarsu kafin jirgin ya tsaya, tare da farashin da mai sayarwa ya rubuta wa kwastan ɗin ƙasarsa ranar da kayan suka fito.